Motar Kara Da Ƴan'uwanta Na Ƙasashen Waje



Wata rana bayan girbi, wani dattijo ya zo ajinmu na yaƙi da jahilci ransa a ɓace. Ya ce ɗansa ya zare masa kara daga darni, ya zauna gindin bedi tun hantsi har azahar yana ƙera mota. Awaki kuwa sun shiga garkar mutane. Ya ce da ya iske shi, sai ya sa ƙafa ya tattake motar. Sannan ya tambaye ni: "Malam, wannan aikin banza, wurin wa yara suka gado shi?"

Zancen awaki, dattijo yana da gaskiya. Amma tambayarsa tana da amsa mai tsawo. Ita ce zan ba ku yau, don na san da yawa cikinku kun taɓa yin wannan faɗa da ƴaƴanku. Wasunku ma, in za a faɗi gaskiya, ku aka yi wa faɗan kuna yara.

Ku sani, akwai ƙasashen da ƙera ƙaramar mota aikin manya ne. Mutum mai furfura, likita ko direban jirgi, in ya tashi daga aiki sai ya zauna da ƴar wuƙarsa da fentinsa. Yakan yi wata guda kan mota ɗaya wadda ba ta fi tafin hannu ba. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta zuwa kasuwa. Abin da yake nema shi ne ta yi kama da ta gaske, har wanda ya ga hotonta ya kasa rarrabewa. To, ina wannan abu ya samo asali?

Akawun da ya huda ƙarfe

A birnin Liverpool na ƙasar Ingila an yi wani mutum, sunansa Frank Hornby. An haife shi a 1863. Ba maƙeri ba ne, akawu ne wurin wani mai fataucin nama. Yana da ƴaƴa maza biyu, kuma yakan yi musu abin wasa da hannunsa. Sai dabara ta zo masa. Ya yanka ƙarfe sille-sille, ya huda kowane sille, tsakanin huda da huda daidai wa daida. Da kusoshi masu murɗawa yaro zai haɗa gada yau, gobe ya kwance ta ya haɗa mota da ƙarfen nan dai. A 1901 hukuma ta ba shi takardar shaida cewa dabarar tasa ce. Daga baya aka sa wa abin suna Meccano.

Kafin shi akwai motocin wasa. Jamusawa, musamman a birnin Nuremberg, suna yin su da langa-langa, a murɗa musu makulli kamar agogo su yi gudu. Amma waɗannan saye ake yi a gama. Hornby shi ya ce wa yaro: ga kaya, haɗa da kanka.

A 1934 kamfaninsa ya fito da ƙananan motoci masu suna Dinky. Waɗannan zubi ne. Kun ga yadda masu tukunyar sanholo suke narka ƙarfe su zuba cikin yashi? Haka ne, sai dai nasu mazubin na baƙin ƙarfe ne, ana zuba masa dubbai bai lalace ba. Ƙarfen da ake narkawa tutiya ce, a gauraya ta da gorar-ruwa kaɗan. Nan ma sai da suka sha wuya kafin su gane. In dalma ta shiga cikin haɗin, ko ƴar kaɗan ce, bayan shekaru sai motar ta kumbura, ta tsattsage, ta marmashe kamar busasshen tuwo. Motoci da yawa na kafin babban yaƙin duniya na biyu haka suka ƙare. Maƙeranmu sun san wannan: ƙarfe mai algus ba ya tsufa.

Da yaƙin ya yi zafi aka daina yin su, don ƙarfe duka ya tafi wajen kayan soja. Sai bayan 1945 aka koma.

Mutumin da motocinsa suka bi ta Damagaram

Yanzu mu ƙetara zuwa Faransa, wurin André Citroën, mai kamfanin motocin da ke ɗauke da sunansa. Shi ɗan kasuwa ne mai hangen nesa. A farkon shekarun 1920 ya sa aka riƙa ƙera ƙananan motoci, kamarsu ɗaya da manyan da yake sayarwa. Ana ba da labari cewa burinsa, in jariri ya iya kiran uwa da uba, kalma ta uku ta zama sunan motarsa. Dabarar a fili take. Yaron da ya tashi da ƙaramar a hannu, in ya girma ya yi kuɗi, babbar zai nema.

Wannan mutum yana da alaƙa da ƙasarmu. A ran 28 ga Oktoba 1924, motocinsa takwas suka tashi daga Colomb-Béchar cikin Aljeriya. Ƙafafunsu na gaba taya ne, na baya kuwa wani ɗamarar roba ne mai juyawa, don kada su nutse cikin rairayi. Suka ratsa hamada, suka sauko bakin kogin Kwara, suka zo Yamai. Daga nan suka yi gabas, ta Tasawa, har Damagaram, wadda a lokacin ita ce babban birnin mulkin mallaka kafin a maida shi Yamai a 1926. Suka wuce tafkin Cadi. Tafiyar ba ta ƙare ba sai a 1925, a tsibirin Madagaskar.

Ku kwatanta a ranku yaron Tasawa na wannan shekara. Yana tsaye bakin hanya, ga wasu abubuwa takwas suna ruri suna tada ƙura, ba doki ba raƙumi. A hannunsa kuwa akwai kara, don lokacin kaka ne. Abin da ido ya gani, hannun yaro yakan so ya maimaita. Yaron da ke gina saniya da raƙumi da laka, ranar da ya ga mota ba sai an ce masa ya gwada ba.

Bayan haka motoci suka yi ta ƙaruwa. Manyan kamyo na Berliet masu ɗaukar gujiya, da Land Rover ta ma'aikata, da Peugeot 404 mai shiga kasuwannin ƙauye. A Janairu 1979 tseren motoci na farko daga Paris zuwa Dakar ya bi ta Agadas da Yamai, da motoci masu lambobi da zane kala-kala. Tseren ya bar Afirka tun bayan 2007, yanzu a Saudiyya ake yin sa. Abin lura shi ne, waɗannan motoci da yaranmu suke kwaikwayo da kara da waya da gwangwani, su ne dai reshen Dinky na Faransa ya riƙa zubawa da ƙarfe a da a Bobigny, kusa da Paris. Berliet ɗin nan, 404 ɗin nan. Yaro a Paris uba ya saya masa. Yaro a Madarumfa ya ƙera tasa.

Lissafin da ke ciki

Ga wurin da nake so ku natsu, don a nan bambancin yake.

In kun juya irin wannan mota, sau da yawa za ku ga an rubuta 1/43 a cikinta. Ma'anarsa, an raba babbar mota kashi 43, an ɗauki kashi ɗaya. Tsawo an raba shi 43. Faɗi an raba shi 43. Taya, ƙofa, fitila, duka an raba su 43. Motar da tsawonta metir 4 da santimetir 30 ne, wato santimetir 430, ƙaramarta za ta zama santimetir 10 cif. Ku ɗauki alli ku gwada: 430 a raba 43.

Me ya sa 43, lamba mai wuyar rabo haka? Gado ne. Kafin ƙananan motoci akwai ƙananan jiragen ƙasa, kuma wannan ne awonsu. Aka yi motocin daidai da su don a jera su kusa da tasha su dace. Motocin Citroën na farko sun fi sauƙin lissafi, 1/10 ne: mota mai metir 4 ta koma santimetir 40.

In mai ƙira ya kiyaye wannan awo, ko bai yi fenti ba, mai kallo zai ce wannan 404 ce. In bai kiyaye ba, sai a ga taya ta fi ƙofa girma, kamar jaki da ƙafar raƙumi.

Kwalin ashana da motar noma

Labari biyu daga Ingila bayan yaƙi.

Na farko, wani maƙerin zubi mai suna Jack Odell, na kamfanin Lesney a Landan. Lakwal ɗin da ƴarsa take zuwa sun kafa doka: kada yaro ya zo da abin wasan da ya fi ƙarfin kwalin ashana. Sai uban ya ƙera mata ƴar motar daɓe hanya wadda ta shiga kwalin. Daga nan, a 1953, aka fara sayar da motocin Matchbox, wato kwalin ashana da Turancin Ingila. Suna da araha, ɗan talaka ma yana iya saye. Aka sayar da miliyoyi.

Na biyu ya fi shafar mu manoma. Wani mutumin ƙasar Hangari mai suna Nicholas Kove ya kafa kamfanin Airfix a 1939. Bayan yaƙi matajin kai na roba yake yi. A 1949 kamfanin Ferguson, masu motar noma, suka ce ya yi musu ƙaramar tarakta, don wakilansu su riƙa nuna wa manoma. Ya yi. Amma biyan ma'aikata su zauna suna haɗa ta guntu-guntu yana cin kuɗi. Sai aka ce, to, a sayar da ita a warwatse mana, mai saye ya haɗa abinsa. Abin da aka yi don tsimin kuɗi, shi mutane suka fi so. Ashe daɗin yana wurin haɗawar.

Cikin shekarun 1950 wannan sana'a ta bunƙasa. A Amurka akwai Revell da AMT, a Faransa Heller ta buɗe a 1957. Kamfanin AMT da farko ƙananan motoci yake yi wa dillalan manyan motoci, su ba mai ciniki ya kai wa ɗansa. A 1958 suka fito da kwalin da mutum zai iya haɗa mota ɗaya ta hanya uku: yadda ta fito daga masana'anta, ko ta tsere, ko ta ƙawa.

Bari in gaya muku abin da ke cikin irin wannan kwali. In an buɗe, ba mota za a gani ba. Guntayen roba ne, wani lokaci fiye da ɗari, suna maƙale jikin wasu sanduna kamar ƴaƴan dabino a jikin nono. Kusa da kowane guntu akwai lamba. Akwai kuma takarda mai zane, tana cewa 12 ya hau kan 13, 14 ya shiga ƙarƙashinsu. Wanda bai san lamba ba, ko ya fi kowa hannu, zai liƙa ƙofar dama a hagu. Ku da kuka koyi ƙidaya bana, wannan takarda ba za ta gagare ku ba.

Gam ɗinsu ba kamar ƙaro ba ne. Shi narka bakin robar yake yi kaɗan, guntu biyu su zama ɗaya. In an cika shi, sai ya ci wurin ya bar tabo, kuma in ya taɓa gilashi ya dushe ke nan har abada.

Fenti shi ne gwajin haƙuri. Sai an wanke robar, an goge kaushinta da takarda mai yashi. A shafa farin shafe na farko, wanda zai kama fentin. A bari ya bushe. Sannan a shafa launi siriri, a bari, a sake, har sau uku ko huɗu. Mai gaggawa yakan lafta shi da kauri sau ɗaya, sai ya zubo kamar hawaye, ya toshe layin ƙofa. Babban abokin gabansu ƙura ce: ƙwaya ɗaya ta sauka kan ɗanyen fenti, aikin kwana uku ya ɓaci. Lambobi da rubutu kuwa a jikin wata takarda suke zuwa. A tsoma ta cikin ruwa, hoton ya saki, a zame shi a hankali zuwa jikin motar.

Akwai waɗanda ba su son mota sabuwa fil. Su so suke ta yi kama da wadda ta sha hanya. Sai su zana mata tsatsa, da ɗigon baƙin mai, su sayi wani gari mai launin ƙasa su barbaɗa mata. Ranar da na karanta wannan na yi dariya. Ƙura dai, wadda iskar hunturu take kawo mana kyauta har cikin fura, su da kuɗi suke sayen ta!

Wasan da ya zama sana'a

Ga amsar da na fi so dattijon nan ya ji.

A 1930 reshen Fisher na kamfanin General Motors, a Amurka, ya buɗe gasa ta samari. Da farko keken doki na sarauta ake ce su ƙera, ƙarami, bisa awo. Daga baya aka ce kowa ya ƙago motar da ke cikin kansa, ya sassaƙa ta da itace, ya yi mata fenti. Wanda ya ci, a biya masa kuɗin karatu mai zurfi. Kamfanin ba sadaka yake yi ba, ma'aikatan gobe yake nema. Gasar ta kai har 1968. Wani saurayi mai suna Charles Jordan ya ci a 1947. A 1986 shi ne ya zama shugaban masu tsara surar motocin kamfanin gaba ɗaya.

A Japan kuma akwai gidan Tamiya, a birnin Shizuoka. A 1946 katako suke tsagawa. Suka fara ƙananan jirage na itace, sannan suka koma roba. Ɗan mai gidan, Shunsaku Tamiya, bai yarda da aiki daga hoto kawai ba. Cikin shekarun 1970 ya sayi mota mai tsada, Porsche, aka kwance ta kusa-kusa, aka auna kowane ƙarfe, don ƙaramar ta fito daidai. Wani zai ce ɓarna ce. Amma saboda irin wannan tsanani ne sunan gidan ya kai ko'ina, har yau kuma suna aiki.

Ba kowa ya dore ba. A 1968 kamfanin Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels, masu ƙafafun da ke gudu ƙwarai, yara suka koma can. A 1973, shekarar da fari ya halaka mana dabbobi, kuɗin man fetur ya tashi a duniya, roba kuwa daga mai ake samun ta. Ga kuma masana'antun Hong Kong suna yin kaya da araha. A ƙarshen Nuwamba 1979 aka rufe masana'antar Hornby ta Liverpool. Ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu mata, suka ƙi fita, suka zauna ciki wata da watanni, amma ba a sake buɗewa ba. Airfix ta karye a 1981, Lesney a 1982. Sunayen ba su mutu ba, wasu kamfanoni sun saye su. Sai dai yawancin aikin ya koma ƙasashen Asiya, kuma masu haɗa motar kwali a yau manya sun fi yawa cikinsu, don yara sun sami wasannin talabijin da na salula.

Yaronmu bai jira kwali ba. Shi ne mai zane, shi ne mai zubi, shi ne bakanike. Ya fere bayan kara ya yi kusa, ya yanka totuwa ya yi gangar jiki. Taya daga tsohon takalmin roba ko sakaina. Wani ya lanƙwasa waya, ya ja doguwar sanda daga ƙafafun gaba zuwa hannunsa, in ya murɗa motar ta juya. Wannan ba ƙaramin tunani ba ne, don irin aikin da sitiyarin babbar mota yake yi ke nan. A ganina abu ɗaya ya rage masa, shi ne awo. Kuma wannan ku iyaye kuna iya ba shi, ko babu metir a gidan.

Ranar kasuwa, ku nemi izinin direba. Ku ɗauki igiya ku auna tsawon motarsa, ku yanke daidai nan. Ku ninka igiyar biyu. Ku sake ninkawa. Ku sake, na uku. Abin da ke hannunku yanzu kashi ɗaya ne cikin 8. Mota mai metir 4 ta koma santimetir 50. In ta yi wa yaron girma, ku ƙara ninki ɗaya, ta zama 1/16, santimetir 25. Haka za ku yi wa faɗinta, da tsayinta, da taya, da tsakanin ƙafar gaba da ta baya. Kowace igiya ninkinta ya zama ɗaya da na sauran, kada wata ta sami uku wata huɗu. In babu mota kusa, amalanken shanu ma ya isa a fara da shi.

Launi kuwa, malaman allo sun riga sun nuna hanya. Ƙaron da ke kama tawada zai kama jar ƙasa, da farar ƙasa, da garin gawayi, da bular wanki. A jiƙa ƙaro, a tace, a dama garin da laushi, a shafa da gashin kaza siriri-siriri, a ajiye cikin ɗaki inda iska ba ta kai. Ku hana su fasa tsohon batir don neman baƙi, akwai guba ciki. Mai aiki da gwangwani kuma ya danne bakinsa da dutse kafin ya fara, in ya yanke a wanke da sabuni a kai shi likita.

Dattijon nan ya komo bayan kasuwa biyu da igiyoyi biyar a aljihu, kowace da ƙulli. Ya ce direban ya ɗauka zai sayi motar ne. Yaron ya gama gangar jiki, saura taya, kuma an yi sharaɗi: sai awaki sun shiga garke ake taɓa kara.